Wanke Jif a Gida: Hattara Kada Tsumma Ya Cinye Fentin Motarka

Duk wanda ya mallaki babbar mota irin su Land Cruiser, Prado, Highlander ko Lexus LX ya san ɗawainiyarta ba ta ƙarewa a ranar da aka biya kuɗi. Ana juyen baƙin mai a kan kari, ana duba taya da birki kafin a kama hanya. Amma da an zo kan jikin motar, sai a bar direba ko yaron gida da bokiti ɗaya, garin omo da tsohuwar singileti. Bayan shekara ɗaya ko biyu maigida ya ga fenti ya dushe, sai ya ɗora wa rana da ƙura laifi. Suna da nasu kason, babu musu. Sai dai mafi yawan ƙananan karce-karcen da ke jikin motocinmu a tsakar gida aka yi su, da hannun mai wanki, kuma da kyakkyawar niyya.

Fentin da mota take fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa wanda ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai mai launi, sannan na sama wanda ba shi da launi ko kaɗan, shi ne masu fenti ke kira kiliya. Wannan na saman ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke tare zafin hasken rana. Idan aka haɗa su duka, kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, kiliyar kuwa wajen 40 zuwa 50 ce, wato ba ta ma kai kaurin silin gashin kai ba. Ba ta tsirowa, ba ta warkewa. Abin da aka kankare yau ya tafi ke nan, kuma ranar da ta ƙare sai wurin mai fenti. Dillalan mota kuwa sun san bambancin kuɗin da ke tsakanin motar da ke da fentinta na asali da wadda aka yi wa feshi.

Kakkaɓar safe

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan duk abin da ya kwana a waje. A ido gari ce mai laushi, amma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Da sassafe direba zai ɗauko busasshen tsumma ya bi motar da goga, zagaye-zagaye, don kada Alhaji ya fito ya tarar da ita buɗu-buɗu. Kowace goga tana jan waɗannan ƙwayoyi a kan kiliya.

Mai son ya gani da idonsa ya tsayar da motar a rana tsaka, ko ya haska bonet da fitilar waya da daddare. Zai ga siraran layuka sun kewaye wurin da hasken ya sauka. A baƙar mota ko shuɗiya mai duhu abin ya fi fitowa fili, fara da ruwan toka suna ɓoyewa ne kawai. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce: kada a taɓa jikin mota mai ƙura a bushe. In babu lokacin wanki, a zuba wa gilasai da madubai ruwa a tafi. Motar da ta yi kwana uku da ƙura ba ta yi asarar komai ba, wadda ake kakkaɓewa kullum ita ce ke asara.

Omo na kayan sawa ne

Garin sabulun wanki da ruwan sabulun wanke-wanke an yi su ne don su cinye maiƙo. A jikin mota suna wanke kakin da aka shafa don kariya, suna busar da robobin ƙofa da baƙaƙen robobin bamba har su koma fari-fari. Garin da bai gama narkewa ba kuma shi ma karce yake yi. Shamfun mota da ake sayarwa a shagunan kayan mota ba shi da wannan kaifi, yana da santsin da ke sa datti ya zame, kuma murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Idan aka lissafa, kwalba ɗaya ba ta kai kuɗin feshin ƙofa guda ba.

Haka abin wanki. Soson buhu, tsohon tawul da yagaggiyar riga duk suna riƙe yashi a fuskarsu. Abin da ya dace shi ne safar hannu ko ƙyallen maikurofaiba, wanda zarurrukansa ke shigar da datti ciki. In ya faɗi ƙasa, ya gama aiki a ranar har sai an wanke shi.

Yadda ake yi

A zaɓi safiya ko yamma, a cikin inuwa, jikin motar da sanyi. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a Kano ko Sakkwato, ƙarfen baƙar mota da ya sha rana kuwa ya wuce haka sosai. Sabulu a kan irin wannan ƙarfe bushewa yake yi kafin a ɗauraye, ya bar tabo.

A fara da tayoyi da wili, domin nan ne dattin ya fi muni. Baƙin garin da ke manne a wili daga birki yake fitowa, kuma akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki. A ware musu bokitinsu da burushinsu, kada su kusanci fenti. Idan yanzu aka dawo daga tafiya, a jira birki ya huce tukuna.

Daga nan a kwarara wa motar ruwa zalla tun daga rufi har ƙasa, a bar shi ya tafi da abin da zai iya tafiya da shi kafin hannu ya sauka. Sai a ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan shamfu, ɗaya na ruwan ɗauraya. A tsoma ƙyalle a na shamfu, a wanke ɓangare ɗaya, a ɗauraye ƙyallen a bokiti na biyu, a matse, sannan a koma na farko. Wanda ya gama ya zubar da ruwan bokiti na biyu a hankali, ya shafa gindinsa da yatsa. Zai ji yashi ƙaras-ƙaras. Da bokiti ɗaya aka yi aikin, wannan yashin a jikin motar zai yi ta yawo.

Ana farawa daga sama ne a gangaro: rufi, gilasai, bonet, ƙofofi, sannan ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe, domin nan jar ƙasa da taɓo ke taruwa. A riƙa jan hannu a miƙe, ba da dannawa ba. Jif tana da faɗi, tsawonta ya kusa mita 5, don haka a riƙa ɗauraye kowane ɓangare da an gama shi, kada a jira sai an zagaye motar duka.

Kada a bar ta ta bushe da kanta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da ma'adanai irin su kalsiyam, kuma idan ɗigon ya bushe sai ya bar farin zobe a fenti da gilashi. In rana ta gasa shi, cire shi sai da wahala. A tsane motar da babban tawul na maikurofaiba mai tsabta, a buɗe ƙofofi da but a goge bakinsu, a tsane ƙarƙashin madubai inda ruwa ke maƙalewa.

Akwai wuraren da ido ba ya kaiwa. Da damina taɓo yakan cushe a cikin madigad da ƙarƙashin mota, ya riƙe danshi har tsatsa ta kama. Motocin da aka shigo da su na hannu daga Amurka ko Kanada wasunsu sun riga sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, don haka ƙasansu ya fi bukatar kulawa. A riƙa sa tiyo a wanke wuraren nan. Mai motar da rufinta ke buɗewa ya share ganye da ƙasa daga ƙananan magudanan da ke kusurwoyinsa, in sun toshe ruwan sama cikin mota zai sauka.

Abubuwan da ba sa jiran ranar wanki

Muna son ajiye mota a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro saboda inuwa, amma nan tsuntsaye da jemagu ke sauka. Kashinsu yana cin kiliya, zafin rana kuma yana hanzarta ɓarnar. Haka ƙaron bishiya da ƙwarin da ke mutuwa a gaban mota a tafiyar dare. Da an gani a jiƙa ƙyalle a ɗora a kai na 'yan mintuna har ya yi laushi, sannan a ɗauke a hankali. Kada a kankare da farce ko kati.

Ɗigon kwalta kuwa akwai maganinsa na musamman a shago. Al'adar goge shi da fetur tana da haɗari, domin tururin fetur yana kamawa da wuta daga nesa, ga janareto ko murhu a kusa a yawancin gidaje. Akwai kuma masu shafa wa taya man birki ko baƙin mai don ta yi ƙyalli. Man birki yana ɓare fenti idan ya fantsama, baƙin mai kuma yana lalata roba ya jawo ƙura. Ko man shafa taya na gaskiya ne, a tsaya a gefenta, kada ya taɓa inda take taka ƙasa ko ya kai ga birki.

Lafiyar mai wanki

Tsayin irin waɗannan motoci ya kusa mita 2, hannu ba ya kaiwa tsakiyar rufi. Nan ne ake ganin yaro ya taka taya ko ya hau kujerar roba da jiƙaƙƙen silifa a kan tayil mai sabulu. Faɗuwa ɗaya ta isa karya ƙugu ko fasa kai. A nemi gajeren tsani mai faɗin mataki ko benci mai ƙarfi, a kafa shi a inda ba ya rawa. A cire agogo da zobe, a lura da kan bel kada ya karci ƙofa lokacin da aka jingina.

Mai amfani da injin feshin ruwa ya tabbata wayar wuta da soket ba sa kwance cikin ruwa, kuma kada ya taɓa su da jiƙaƙƙen hannu. Ya ba bakin feshin tazarar aƙalla santimita 30 daga jikin motar, ya kauce wa robobin gilashi, kyamarori, na'urorin da ke jikin bamba da duk inda fenti ya fara ɓarewa. Wasu magungunan wanke wili suna ɗauke da asid mai ratsa fata, don haka a karanta abin da ke jikin kwalba, a sa safar hannu, a kare ido, a kuma ajiye su inda yara ba za su kai ba.

Mafi muhimmanci shi ne yara. Wankin mota yana jawo su, kuma wanda ke zaune a kujerar direban jif ba ya ganin ƙaramin yaron da ke tsaye dab da bayanta ko gabanta. A ja birkin hannu, a zare makulli a sa a aljihu. Kafin a gusa da motar ko da taku ɗaya ne, a sauka a zagaya ta, a san inda kowane yaro yake. Ruwan wankin kuma a ba shi hanya ya wuce, kada ya kwanta a ƙofar gida ya zama matattarar sauro ko ya dami maƙwabta.

Kariya bayan wanki

Kakin mota shi ne ke karɓar dukan rana da ƙura a madadin kiliya. Ana shafa shi siriri a kan mota mai tsabta da ta bushe, a cikin inuwa, ɓangare-ɓangare, a goge da ƙyalle mai laushi. A yanayinmu ba ya wuce wata biyu zuwa uku. Alamar ƙarewarsa ita ce ruwa ya daina taruwa ƙwaya-ƙwaya ya koma shimfiɗewa. Idan an yi wa wani ɓangare sabon feshi, a tambayi mai fenti kafin a shafa, domin sabon fenti yana bukatar makonni kafin ya gama ƙeƙashewa.

Folish da inji wani abu ne daban. Yana kawar da karce ne ta hanyar cire wani abu daga kiliyar, shi ya sa ba aikin kowane wata ba ne, ba kuma aikin ɗan koyo ba. A gefunan ƙofa da kusurwoyi inda fenti ya fi siranta, sakaci na 'yan daƙiƙu ya isa ya ƙone shi. Rufin siramik da ake tallatawa yanzu yana daɗewa fiye da kaki kuma yana sauƙaƙa wanki, amma ba ya hana karce. Wanda ya biya kuɗinsa ya ci gaba da kakkaɓar safe bai tsira ba. Fitilun gaba da suka yi ruwan ɗorawa kuwa rana ce ta cinye rufin robarsu. Man goge baki yana haskaka su na ɗan lokaci, amma in ba a sake musu abin kariya ba za su koma gidan jiya.

A yawancin gidaje ba maigida ne ke riƙe bokiti ba, don haka sanin nan ba zai yi amfani ba in ya tsaya a kansa. Direban da ke goge mota a bushe yana gudun faɗa ne, kuma ba zai daina ba sai an ce masa, "Malam, in ka ga ƙura ka bar ta, sai mun samu ruwa." A saya masa bokiti biyu, shamfu, ƙyallaye masu kyau da tsani, a tsaya tare da shi a wankin farko, a kuma ba shi isasshen lokaci. Wanda ya ce a wanke masa jif cikin minti goma kafin ya gama karin kumallo, shi da kansa ya ba da umarnin a karce ta.