Kashi 98 Cikin Ɗari: Ina Bambancin Ɗan Adam da Biri Yake?

Muhawarar da ke tashi lokaci zuwa lokaci a kafafen sada zumunta, cewa wai kimiyya ta ce biri ne kakan ɗan Adam, ta ginu ne a kan maganar da aka ji rabi aka bar rabi. Abin da masana ilimin halittu suke faɗa shi ne, mutum da cimfanzi, wato babban birin nan marar wutsiya na dazuzzukan Afirka, sun haɗa tushe ɗaya shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, sannan kowanne ya kama gabansa. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, adalci shi ne ya soki abin da aka faɗa, kada ya soki abin da aka ƙaga.

Alƙaluman da suka fi rikita jama'a su ne na shekarar 2005, lokacin da aka kwatanta ƙwayoyin gado na mutum da na cimfanzi aka ga sun yi daidai da fiye da kashi 98 cikin ɗari. Sai dai da gero ɗaya ake yin fura da kunu da tuwo, kuma babu mai ɗaukar wannan a matsayin wancan, domin sarrafawa ce ta raba su. Haka ƙwayoyin gado suke, lokacin da kowace take fara aiki a jikin ɗan tayi da tsawon aikinta suna cikin abubuwan da suke sa ƙwaƙwalwar mutum ta ninka ta cimfanzi kusan sau uku.

An daɗe ana cewa ƙera kayan aiki ne ya keɓanta ɗan Adam, har zuwa 1960, lokacin da Jane Goodall ta ga cimfanzi a dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya yana zage ganyen tsinke, yana zura shi cikin suri, yana zaro gara yana ci. A dajin Taï na Kwaddibuwa kuwa cimfanzi suna fasa ƙwara da dutse, kuma an tono duwatsun da suka yi wannan aiki da su shekaru 4,300 da suka wuce. A nan ne ainihin bambancin ya fito: ɗan cimfanzi yakan shafe shekaru yana kallon uwarsa kafin ya iya, amma idan ya iya, a nan yake tsayawa, dutsen jiya shi ne na yau. Mutum kuwa yana da harshe, wanda da shi yake bayyana abin da ba ya gabansa, ya koyar da gangan, ya gyara kuskuren malaminsa, har ilimi ya taru daga tsara zuwa tsara ya wuce abin da kai ɗaya zai iya ɗauka.

Abin takaici shi ne, yayin da ake ta cacar baki, ragowar cimfanzin da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa suna fuskantar barazanar mafarauta da masu saran daji. Ya kamata hukumomi su ɗauki tsaronsu da muhimmanci fiye da yadda ake gani yanzu.