Ruwa, haƙori da tatata: abin da ke tayar wa iyaye hankali da abin da ya kamata ya tayar

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, babu umarnin da ya fi yi wa mai jego nauyi kamar wanda take ji a asibiti, cewa kada a ba jariri ruwa har sai ya cika wata 6. Tana isa gida uwar miji za ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, wane irin rashin tausayi ne wannan? Ke da kike babba kin iya wuni ba ki kurɓi ruwa ba?" Ita kuwa ba ta da bakin musu da surukarta, musamman idan haihuwar fari ce, ga kunya ga rashin sabo. A irin wannan tsaka mai wuya ake yanke yawancin shawarwarin da suka shafi lafiyar jariri.

Idan aka duba shekarar farko ta rayuwar yaro, za a ga sau da yawa damuwarmu tana sauka inda bai kamata ba. Mukan hana kanmu barci saboda ɗan maƙwabta ya riga namu tafiya, alhali wannan ba ciwo ba ne. Mukan kuma zuba wa gudawa ido mu ce haƙori ne, alhali ita ce ke kashewa.

Dakashi da ruwa

Nonon farko, wato dakashi, mai kauri ne, launinsa ruwan ɗorawa, kuma ba shi da yawa. Wannan ya sa a gidaje da dama ake matse shi a zubar, a ba jariri ruwan ɗumi, ruwan sukari ko madarar dabba kafin "nono na gaskiya" ya kawo. Amma cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki ƙaramin cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi a shan guda ba, don haka ɗan abin da ke fitowa daidai yake da buƙatarsa. Dakashi cike yake da sinadaran kariya da ke lulluɓe hanjin jariri su tare ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a ɗora jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Wa'adin shekara biyun ba baƙo ba ne gare mu, yana nan a aya ta 233 ta Suratul Baƙara.

Amsar tambayar uwar miji kuwa tana cikin nonon kansa. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Wanda ke fara fitowa a kowane shan ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. Idan rana ta yi zafi, jariri yakan yawaita neman nono, uwa ce ya kamata ta yawaita shan ruwa. Ruwan da aka ɗura wa jariri yana cike gurbin nono ba tare da ya ƙara masa komai ba, kuma ruwan randa, kofi ko bulumboti da ba a wanke da kyau ba su ne hanyar da gudawa ke bi ta shigo. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran da ba su kai wata 6 ba ne ke shan nono zalla, kuma ruwa na cikin manyan abubuwan da ke karya lissafin. Zuma ma, duk da darajarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa jijiyoyin jariri su saki har numfashi ya gagare shi.

"Nonona ba ya isarsa"

Wannan ƙorafi shi ke kai mata da yawa ga madarar gwangwani ko koko tun yaro na wata 2. Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, don haka yawan nema ba alamar yunwa mai tsanani ba ce. Kuka ma ba ma'auni ba ne, yana iya zama zafi, jiƙaƙƙen ƙunzugu, iska a ciki ko son a ɗauke shi. Ma'auni biyu ne abin dogaro: fitsari da sikeli. Yaron da ke fitsari aƙalla sau 6 a yini bayan kwanakin farko, nauyinsa kuma na hawa a katin awo, yana ƙoshi. Jarirai kan ɗan rame a kwanakin farko, su maido da nauyin haihuwa cikin mako 2, su ninka shi wajen wata 5 zuwa 6, su ninka sau 3 a shekara.

Jiki yana yin nono ne gwargwadon yadda ake tsotsa. Da zarar an fara cike ciki da wani abu, yaro ya rage tsotso, nono ya ragu da gaske, abin da ake tsoro ya tabbata. Ciwon kan nono kuwa yawanci daga kamu ne: a bar jariri ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarsa na taɓa nono.

Kunu mai ruwa-ruwa

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya wadatarwa, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda ajiyar da aka haifi yaro da ita ke ƙarewa a wannan lokaci. A nan ne tamowa ke samun ƙofa. Kokon gero da aka tace aka tsinka ya cika ciki, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Kunun jariri ya kamata ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali da sauri ba, a haɗa masa da garin gyaɗa ko waken suya, ɗan manja, garin busasshen kifi, dafaffen ƙwai, hanta, kabewa ko zogale. Ƙwan da wasu ke hana yara don gudun kada su tashi da sata yana cikin abinci mafi amfani da sauƙin samu a ƙauye. Tsakanin wata 6 da 8 a ba yaro sau 2 zuwa 3 a yini, daga wata 9 sau 3 zuwa 4, a kwanonsa na kansa, don a ga abin da ya ci. Idan ya tofar da sabon abinci a sake gwadawa gobe da jibi. Ɗure, a danne yaro a toshe masa hanci, yana iya tura kunu cikin huhu.

Laifin da ake ɗora wa haƙori

Haƙorin farko yakan ɓullo wajen wata 6. Yana sa dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ya sa gudawa mai yawa, amai ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokutan sun haɗu: kariyar da yaro ya samo daga jikin uwa tana raguwa, ya fara cin abinci, ya fara jan ciki a ƙasa yana kai komai baki. Idan aka ce haƙori ne aka zauna, zazzaɓin cizon sauro ko gudawa sai su samu kwanaki suna aiki. Neman maganin haƙori ma ya taɓa jawo babban rashi: a ƙarshen 2008 wani ruwan magani mai suna My Pikin, wanda ya gurɓace da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara sama da 80 a Nijeriya, har hukumar NAFDAC ta kawar da shi daga kasuwa.

Haka batun maɗiga. Idan ta faɗa a lokacin gudawa, ruwan jikin yaro ne ya ƙare, shafa mata magani ba zai ɗago ta ba. Abin yi shi ne nono a kai a kai, ruwan gishiri da sukari na ƙulli da ake samu a asibiti da kemis, ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, sannan a garzaya asibiti idan yaro ya ƙi shan nono, idanunsa suka zurma ko jikinsa ya saki. Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 3 ba, saurin numfashi, jijjiga da shawara mai tsanani ba sa jiran wayewar gari.

Zama, rarrafe, tatata

A nan kuma iyaye na iya kwantar da hankali. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda ya bi yara masu lafiya a ƙasashe 5 ciki har da Gana, ya nuna wasu na zama da kansu kafin wata 4, wasu sai wajen wata 9. Wasu sun yi tafiya a wata 8, wasu sai da suka kusa wata 18, kusan 4 cikin 100 kuma ba su yi rarrafe ba sam, tashi suka yi suka kama bango. Goyo a baya ba ya hana tafiya, muddin ana sauke yaro a kan tabarma mai tsabta ya motsa, ana yi masa magana ana amsa gwarancinsa. Abin da ke buƙatar likita shi ne yaron da wuyansa bai tsaya ba a wata 4, bai zauna ba bayan wata 9, ba ya juyawa idan an yi ƙara, bai yi tafiya ba a wata 18, ko ya daina wani abu da ya riga ya iya.

Duk wannan bayani ana yi wa uwa ne a layin awo, amma ba ita kaɗai ke da iko da jariri ba. Miji ne ke cefane da kuɗin mota, kaka ce ke wanka da ba da umarni, kuma ita ce ta san yadda ake lallashin yaro da tsakar dare. Don haka ranar rigakafi, mako na 6, na 10, na 14 da wata na 9, ya kamata kaka ta bi su asibiti, maigida ma ya karɓi katin ya ga inda nauyin ɗansa ya kai. Kakar da ta ji bayanin ruwan nono daga bakin ma'aikaciya da kunnenta, ita ce za ta hana 'yan barka ɗura wa jikanta ruwa.