Hasumiyoyin Yaama Huɗu

Baƙon da ya gama zagaya Tawa, ya ratsa Bilbis da Fakawa, tsofaffin ƙauyukan da suka haɗe suka zama birnin, ya sayi cukunsa a kasuwar Lahadi, in ya tambayi ina ginin da Adarawa ke alfahari da shi, sai a nuna masa hanyar kudu. A can wajen Badagishiri, cikin ƙasar Ilela, akwai ƙauyen Yaama da masallacinsa na Juma'a. Ginin ƙasa ne, kubba a tsakiya, hasumiya a kowace kusurwa. Abin da ke ɗaure kai shi ne, a cikin huɗun nan babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta.

Zato na farko da ke zuwa wa mutum shi ne magina huɗu ne aka raba wa aiki, kowa ya nuna gwanintarsa. Zance ne mai daɗin ji, amma bai tsaya ba. Magini ɗaya ne ya jagoranci aikin tun daga tushe har ƙarshe, wato Alhaji Falke Barmu, ɗan garin, manomi kamar kowa.

To ko ruwan sama ne ya zaizaye su, kowace ta lalace ta hanyarta? Wannan ma da wuya. Ruwa yana cin yaɓe, yana dakushe kaifin kusurwa, amma ba ya tsara hawa bisa hawa yana tsuke su zuwa sama, kuma ba ya fitar da ado. Bambancin nan hannu ne ya yi shi, da gangan.

Shekarun ginin ne suka fara warware ƙullin. A 1962, lokacin da dattawan gari suka damƙa wa Falke aikin, ɗakin salla mai kusurwa huɗu ya gina, da ginshiƙai a ciki, ba kubba, ba hasumiya ko ɗaya. Sai a 1975 da rufin ya nemi gyara ya sake shi bisa bakan gizo, ya ɗora kubba. Daga nan ne hasumiyoyin suka fara tashi, ba a kammala ba sai 1982.

Saura me ya sa aikin hasumiyoyin ya ja shekara bakwai. Ba ɗan kwangila aka ɗauko ba, gayya aka yi. Wannan gida ya buga tubali, wancan ya kawo itace, wasu su ɗebo ruwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa. A Adar kuwa ba a ginin ƙasa da damina, kowa na gona, kuma da an girbe hatsi samari da yawa sun kama hanyar cin rani, wasu har Abijan. Aiki sai ya tashi, ya kwanta, ya sake tashi. Ga shi maginin gargajiya ba takarda yake bi ba, tsarin yana kansa. Duk hasumiyar da ya zo kanta, da abin da ya koya a ta baya yake zuwa, kuma ba wanda ya ɗaure shi da maimaitawa.

A 1986 masallacin ya sami lambar yabon gine-gine ta Aga Khan, shekara uku bayan masallacin Niono na ƙasar Mali, wanda shi ma ginin ƙasa ne na maginin gargajiya, Lasina Minta.