GIRKIN DAMINA DA HOTON WAYA A SAMARU DA SABON GARI

Watannin da Turawa ke kira lokacin zafi, wato daga Yuni zuwa Agusta, su ne tsakiyar damina a ƙasar Zazzau, kuma a wajen ƙarshensu ne makarantun firamare da na sakandare kan tafi dogon hutu. A wannan lokaci ganyaye kan wadata a kasuwa, yara kuma suna gida, manyan cikinsu riƙe da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga budurwa ta tsaya a kan kwanon fate ko na dambu tana ɗaukarsa hoto kafin kowa ya sa hannu. Wasu dattawa na ganin abin shiririta ne, amma idan aka duba da kyau akwai amfanin da za a iya ciro wa daga cikinsa.

Garuruwan biyu dama matattarar baƙi ce. Sabon Gari ya kafu ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, inda ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka zauna da iyalansu. Samaru kuwa ta fara suna da tashar binciken aikin gona da aka buɗe a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Daga wannan cibiya ne irin masara na SAMMAZ da na wake na SAMPEA da na gyaɗa na SAMNUT suka fito. Wannan cuɗanya ta sa a layi guda ana iya samun gidan da ake tuƙa tuwon masara, da wanda ake kirɓa sakwara, da wanda ake kaɗa miyar agushi.

ABINCIN DA YA DACE DA ALJIHU

Damina lokaci ne na tsadar tumatir, domin na rani ya ƙare, wanda aka shuka da ruwan sama kuwa bai cika yin albarka ba. Mutanen Jihar Kaduna ba su manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Haka nan tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dakon kaya ya hau kan farashin kusan duk abin da ke shiga tukunya.

To, a nan ne girkin gargajiya ke nuna fa'idarsa ga mai albashi da ɗalibi. Fate, wanda ake yi wa Zage-zagi tsiya da shi, ba ya bukatar tumatir mai yawa. Tsakin masara ne ake wankewa a zuba cikin tafasasshen ruwan da aka sa wa attarugu da albasa da daddawa da dakakkiyar gyaɗa da ɗan manja, idan ya kusa nuna a zuba rama ko yakuwa da alayyafo. Kwaɗon zogale ko na rama kuwa ƙuli-ƙuli ne jigonsa, ganyen ya ba jiki sinadaran ƙarin jini, ƙulin ya ba shi abin gina jiki. Ɗan wake ma garin wake ne da na rogo da kuka da ruwan kanwa.

Sai dai kusan duk wannan ilmi a ka yake, ba a rubuce ba. Uwa ba ta auna kanwa da cokali, idonta da hannunta ne ma'auninta. Yarinyar da ta tashi a makarantar kwana, ta wuce jami'a, ta saba da taliyar leda, tana iya kai wa ɗakin aurenta ba ta taɓa ganin kaurin da ake so ƙullun ɗan wake ya yi ba. Idan tsofaffin suka kau, abin da suka sani ya bi su.

DAGA FIM ZUWA WAYA

A da, mai son hoto a Zariya sai ya yi kwalliya ya tafi shagon mai hoto, galibi a Sabon Gari, ya jira kwanaki kafin a wanke. Fim tsada gare shi, ba wanda zai ɓata shi a kan tukunyar miya, shi ya sa akwatunan iyaye ke cike da hotunan biki da suna da saukar digiri, amma da wuya a sami na madafa. Kyamarar da ba ta aiki da fim wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya fara haɗa ta a 1975, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya marar launi a kan kaset. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya masu kyamara suka yawaita, har ta kai ga hoto ba ya cin ko kwabo.

Wanda ke son hotonsa ya yi amfani, ya kamata ya ɗauki aikin daki-daki, tun daga wanke tsaki har zuwa saukewa, maimakon kwanon da aka gama zubawa kaɗai. Kyamarar waya haske take ci, don haka a fito da kwano bakin ƙofa ko tsakar gida da hantsi ko bayan la'asar. Ranar da hadari ya rufe rana ma ta fi, domin hasken ba ya yin kaifi. A goge gilashin kyamara, saboda tururi da maiƙo kan dusashe shi. Sa'an nan a rubuta sunan abincin da na wadda ta dafa da kwanan wata, a tambaye ta bayanin kowane mataki.

Adanawa ita ce babbar matsala. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta a tasha, hotunan shekaru su salwanta a rana ɗaya. Wanda aka tura ta WhatsApp kuwa ingancinsa kan ragu. Ya kamata a kwafe su a kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, a kuma kai zaɓaɓɓu a wanke a kati.

Akwai kuma ladabi. Madafa cikin gida take, bai dace a watsa hoton matar aure ko 'yar wani ba tare da yardarsu ba. Haka kuma ba tarbiyya ba ce a riƙa baje hotunan kaji da soye-soye don alfahari alhali maƙwabci bai ɗora tukunya ba.

Ya rage ga iyaye su ja yaransu zuwa gindin murhu a wannan hutu, ɗalibai kuma su ba kakanninsu lokaci tun suna da rai. Dama an ce gani ya kori ji. Allah Ya ba da damina mai albarka, amin.