Sauƙaƙe Logaridim na Asali na Lambar Kaso: Misalin ln(8/9)

Gabatarwa

A shekarar 1614 ne John Napier, masanin lissafi ɗan ƙasar Sikotilan, ya wallafa aikinsa kan logaridim. Burinsa shi ne rage wa masana taurari wahalar dogon lissafi, ta hanyar mayar da ninkawa ta koma tarawa, rabawa kuma ta koma ɗebewa. Logaridim na asali, wanda ake taƙaitawa da ln, ya ginu ne a kan lambar e, mai kimanin darajar 2.718. Wannan maƙala ta dubi yadda ake sauƙaƙe shi idan ya hau kan lambar kaso.

Ƙa'idoji da Misali

Ƙa'ida ta farko ita ce ln(a/b) = ln a − ln b, muddin a da b sun haura sifili. Wato a ɗebe logaridim ɗin lambar ƙasa daga na lambar sama. Ta biyu kuwa, idan an ninka lamba da kanta, adadin ninkin yakan sauko gaba: ln(aⁿ) = n ln a.

A ɗauki ln(8/9). Ƙa'idar farko ta ba da ln 8 − ln 9. Tun da 8 ita ce 2³, 9 kuma 3², ƙa'ida ta biyu ta mayar da shi 3 ln 2 − 2 ln 3. Da yake ln 2 kimanin 0.6931 ne, ln 3 kuma 1.0986, amsar ta zama kimanin −0.118.

Inda Ake Tuntuɓe

Ɗalibai sukan raba ln 8 da ln 9 maimakon su ɗebe, sai su sami 0.946. Alamar amsar kaɗai ta isa ta tona kuskuren: ln 1 sifili ne, don haka duk kason da bai kai 1 ba, logaridim ɗinsa na ƙasa da sifili.

Harshe ma yana da hannu a nan. Furucin "logaridim ɗin takwas bisa tara" yana da harshen damo, domin bai nuna inda baka biyu suka rufe ba. "Logaridim ɗin kashi takwas cikin tara" ya fi tsare ma'ana, saboda ya ɗaure kason wuri guda.

Kammalawa

An ga cewa ƙa'idoji biyu sun wadatar wajen warware ln(8/9). Sai dai ga mai koyarwa da Hausa, tsarin jimlar da ya zaɓa na iya kai ɗalibi ga −0.118 ko ga 0.946.