Kafin ka kama doguwar hanya a kan babur

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, mai babur ya fara lissafi. Daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne, tankin Bajaj Boxer kuwa yana cin kusan lita 11, wato cikawa ɗaya za ta kai shi har da saura. Sai ɗan ci-rani mai zuwa gida Sallah ko mai halartar ɗaurin aure ya ɗaure tsaraba a kariya, ya buga kik, ya kama hanya. Lissafin mai daidai ne. Abin da ba a lissafawa shi ne abin da zai faru idan babur ya tsaya a inda babu bakanike, babu mai faci, babu ko inuwa.

Ba kasafai injin ke bugawa a hanya ba. Abin da ke tsayar da matafiyi yawanci ƙaramin abu ne mai araha: ƙusa a taya, wayar kuloci da ta tsinke, filogi da ya mutu, sarƙa da ta zame. Kayan gyaransu duka aljihun jaka ɗaya zai ɗauke su, amma su ne ake bari a gida don a sami wurin buhun shinkafa.

A fara da taya, domin ita ce ta fi ba da wahala. Faci da gam da famfon hannu wajibi ne, amma ba su wadatar ba. Idan tiyub ya yage a gindin bakin da ake hura iska, faci ba zai kama ba, sai sabo. Saboda haka a tafi da sabon tiyub, da ƙarafa biyu na ɓanɓare taya, da sifanar da ta yi daidai da notin ƙafar baya. Wannan sifana ita ce mutane suka fi mantawa, ba tare da ita ba kuwa sauran kayan duk ado ne. Kafin ka sa sabon tiyub ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta huda na farko tana nan tana jiran na biyu. Kuma duk wanda bai taɓa cire ƙafar baya da hannunsa ba, ya gwada a ƙofar gida tun kafin ranar tafiya. Gefen titi da tsakar rana ba wurin koyo ba ne.

Sarƙa tana son sassauci kaɗan, kamar santimita 2 zuwa 3 idan ka ɗaga ta a tsakiya. Idan ta yi tsauri tana cin haƙoran da take hawa, idan ta saki tana iya fita ta sarƙe ƙafar baya ana cikin gudu. A riƙe makullinta na ajiya da ɗan man shafa mata. Wayar kuloci da ta totur, gogaggun matafiya kan ɗaure sabuwa a jikin tsohuwar tun daga gida, ta yadda in ta tsinke sai dai a haɗa baki biyu. Sai filogi ɗaya da sifanarsa, da ƙwan fitila, da fiyus, da filaya, da sukudireba, da ɗan guntun waya, da salatif.

Filogi yana ba da labarin injin ga wanda ya iya karantawa. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau. Idan ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin hunturu abin zargi na farko shi ne matacin iska da ƙura ta toshe. Idan kuwa babur ya fara tari jim kaɗan bayan ka sha mai a wajen 'yan bumburutu, to wataƙila akwai ruwa ko datti a ciki. A ƙasan kafireta akwai ɗan sukuru, ka kashe mai, ka kwance shi ya tsiyaye, sannan ka mayar. Sau da yawa shi ke nan.

Ga wani kuskure da ya zama ruwan dare: kai babur wurin bakanike a jajibirin tafiya. Gyaran da aka yi da yamma, aka tashi da asuba, ba a gwada shi ba. Noti ɗaya da yaron shago bai ɗaure sosai ba sai bayan tafiyar awa biyu zai bayyana. A canza baƙin mai, a duba birki da wayoyin ƙafa tun saura kwanaki, a yi ta zirga-zirga da shi a gari, abin da zai kwance ya kwance kusa da gida. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, don haka a riƙa tsayawa suna hutawa, amma kada a kwara wa injin mai zafi ruwa.

Ɗaurin kaya shi ma ilimi ne. Mai nauyi ya zauna ƙasa kuma kusa da bayan matuƙi. Idan aka tara nauyi can ƙarshen kariya, ƙafar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa, a cikin yashi ko kwana kuwa sai faɗuwa. Robar da aka yanko daga tsohon tiyub tana ɗauri da kyau, amma a tabbatar babu bakin da ke reto, kuma jaka ba ta taɓa salansa ba. Haka babbar riga da mayafin wadda aka goyo, a tattare su, domin sarƙa da wayoyin ƙafa ba sa sakin abin da suka kama. Kayan gyara su kasance a sama inda hannu zai kai ba sai an sauke komai ba.

Jarkar fetur kuwa a yi tunani sau biyu. Ban da haɗarin gobara, akwai na tsaro. A 2021 gwamnatocin Katsina da Zamfara sun hana sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga, a jihar Diffa ta Nijar kuma an hana hawa babur a 2015 saboda Boko Haram. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, daga ƙaramar hukuma zuwa wata, shi ya sa ya kamata a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a tashi. Baƙo a kan babur da jarkar mai kuma babu takardu ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai ji daɗin amsawa a shinge ba. Rasit ɗin sayen babur, takardun rajista, lasisi da katin shaida a sa su cikin leda a jiki, kada a cusa su ƙasan kaya.

Hular kwano ta sha raini a wurinmu. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a kai. Abin dariya ne a lokacin, amma kai guda ɗaya ne, kuma hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba tana tashi tun kafin mai ita ya kai ƙasa. A haɗa da rufaffen takalmi maimakon silifa, da safar hannu, da tabarau saboda ƙura da ƙwari, da ruwan sha mai yawa, da bandeji da maganin wanke ciwo. Al'adar zuba baƙin mai ko man birki a kan rauni ƙara cuta ce, ruwa mai tsabta ya fi su. Ƙwayar hana gajiya irin su tramadol ba ta kawar da gajiyar, hana ka jin ta kawai take yi har barci ya sace ka a kan gudu.

A tashi bayan sallar asuba, a tsara tafiyar yadda za a sauka kafin magariba, domin fitilar babur ba ta nuna rami sai an zo kansa, manyan motoci kuma ba sa rage haske saboda mai ƙafa biyu. A cika cajin waya, a faɗa wa wani a gida hanyar da za a bi da garin da za a kwana. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kyauta ce. A rubuta lambar ɗan'uwa a takarda a sa cikin ledar takardun nan, saboda wayar da ta fashe ko take kulle ba za ta gaya wa wanda ya tsince ka komai ba.