Injin Da Ke Gwada Damina Tun Ba Ta Zo Ba

Uwargida, da ke 'yar makaranta. Kin lura kuwa da yadda ruwan sama ya sake hali? Sai a yi kwana da kwanaki ba ko ɗigo, rana ɗaya kuma a kece kamar da bakin ƙwarya, kafin ki kwashe shanya ruwa ya kai ƙofar ɗaki. To, ba ke kaɗai kika lura ba. A 2017 waɗansu masana suka duba hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka cikin shekara 35, suka tarar manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta abin da ƙaruwar zafin hamadar Sahara.

Abin tambaya shi ne, yaya daminar 'ya'yanmu da jikokinmu za ta kasance? Masana kan nemi amsa daga kwamfuta. Sukan yanka sararin sama gida-gida kamar idanun rariya, injin ya riƙa lissafin zafi da iska da laima a kowane gida, har ya fito da damina sukutum a cikin lissafi.

Kin dai san rariya mai manyan idanu, tsaki ma wucewa yake yi. Haka lissafin da ya game duniya duka yake, don faɗin gida ɗaya yakan kai kilomita 100, alhali hadari kan fara haɗuwa a fili ɗan kaɗan. Sai ya sulale ba a gan shi ba, injin ya nuna yayyafi kullum maimakon ruwa mai ƙarfi na 'yan sa'o'i.

Saboda haka ma'aikatar yanayi ta Ingila ta matse idanun rariyar zuwa kilomita 4 da rabi, ta shimfiɗa ta a kan Afirka kaɗai. Nan fa hadari ya bayyana, yana haɗuwa yana tafiya kamar na gaske. Aka gwada shekara 10 na zamaninmu, aka kuma gwada 10 na ƙarshen wannan ƙarni idan ba a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Sakamakon ya fito a 2019: ruwa mai ƙarfi zai ƙaru fiye da yadda tsohon lissafi ya nuna, kuma a yammacin Afirka ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina za ta ƙara tsawo. Dalili kuwa, duk zafin da ya ƙaru da digiri ɗaya, iska kan ƙara ɗaukar laima wajen kashi 7 cikin 100, in ta tashi saukewa kuma sai ta juye gaba ɗaya.

An riga an ga misali. Ran 1 ga Satumba 2009 ruwa fiye da inci 10 ya sauka a Wagadugu a yini guda, dubban gidaje suka rushe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka uwargida, tun da bazara ki tuna wa maigida ya yi yaɓe, ya gyara indararo. Ki hana yara zuba shara da leda a kwata. Takardun makaranta da na asibiti ki sa su a leda, ki ɗora sama, hatsi kuma kada ya zauna a ƙasa. Ki saurari hasashen NiMet a rediyo, ki kuma tsare ƙanana daga bakin kududdufi bayan ruwa.

Ke kuma 'yar makaranta, wadda ta jagoranci binciken nan na 2019 mace ce, sunanta Elizabeth Kendon. Ki riƙe lissafi da labarin ƙasa da kyau, don ƙasarmu na bukatar masu wannan aiki. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.